Doki ko Mahayi? Musun Masoya Tseren Mota a Haɗejiya Kafin Ranar Lahadi

Ranar Lahadi, 7 ga Disamba, 2025, da ƙarfe biyu na rana agogon Najeriya, aka tsara motoci 20 su jeru a filin Yas Marina da ke Abu Dabi domin tseren ƙarshe na gasar Formula 1 ta shekarar. An yi tsere 23 tun daga watan Maris, amma har zuwa makon tseren kambun duniya bai sami mai shi ba. Mutum uku ke nemansa: Lando Norris ɗan Birtaniya mai maki 408, Max Verstappen ɗan Holan mai 396, da Oscar Piastri ɗan Ostareliya mai 392. Kowannensu ya ci tsere bakwai cif a shekarar. Rabon da a shiga ranar ƙarshe da 'yan takara fiye da biyu tun shekarar 2010.

A Haɗejiya, hankalin yawancin jama'a yana wani wuri dabam a wannan lokaci na hunturu. Ruwan da ya malale fadamu ya ja da baya, shinkafar damina ta shigo gida, manoman Auyo da kewaye suna fama da shukar alkama, masunta na kai banda kasuwa, tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai kuma sun fara sauka a dausayin Baturiya. In ana zancen wasa, ƙwallon ƙafa ce ke cika gidajen kallo. Sai dai a gefe akwai wasu 'yan tsiraru, ɗalibai da yaran gareji da direbobin tasha da matasan ma'aikata, waɗanda makon tseren ya hana su sukuni. Ba su da yawa, amma musunsu yana da zafi.

Yawancinsu ta waya suka san wasan. Gajerun bidiyo na Facebook da TikTok ne suka fara jan su, sai shirin Drive to Survive da Netflix ke fitarwa tun 2019, sai kuma fim ɗin F1 da ya fito a watan Yunin 2025, wanda Damson Idris, haifaffen Landan ɗan asalin Najeriya, ya fito a ciki tare da Brad Pitt. Tashar SuperSport tana nuna tseren kai tsaye, amma mai gidan kallo ya san abin da ke cika masa benci, don haka ranar Lahadi ƙwallon Ingila ce ke kan allo. Mai son tsere sai ya sayi data, ya cika wayarsa da caji tun da safe, abokai uku ko huɗu su haɗa kai a kanta.

Musun da ya girmi mota

Duk wanda ya tsaya ya saurare su zai gane cewa musun ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Haɗejiya garin dawaki ce tun asali. Da ƙarfin barade Sarki Buhari ya tsaya da ƙafarsa a tsakiyar ƙarni na 19, ya ƙi bin umarnin Sakkwato har rasuwarsa a 1863. A watan Afrilun 1906, da rundunar Turawa ta zo, Sarki Muhammadu da mayaƙansa sun zaɓi faɗa a kan miƙa wuya, shi ya sa har gobe ake kiransa Mai Shahada. Yau babu yaƙi, amma dokin bai bar garin ba. Ranar hawan Sallah, in Mai Martaba Sarkin Haɗejiya, Alhaji Adamu Abubakar Maje, ya fito da hakimansa, mahaya suna sako dawaki a guje su zo su ja linzami a gabansa don jinjina. Yaron da ya tashi yana ganin wannan ba sai an koya masa son gudu ba.

A duk filin sukuwa kuma, da zarar ƙura ta lafa, tambaya guda ce ke tashi: dokin ne ya ci, ko mahayin? Wani ya ce ko wa ka ɗora a kan wannan ingarma zai zo na ɗaya. Wani ya ce a'a, ai hannu ne, ka ga yadda ya riƙe shi har sai da aka zo kwanar ƙarshe sannan ya sake shi. Wannan tambaya ce jikokinsu suka ɗauko suka ɗora a kan kamfanonin tsere irin su McLaren da Red Bull da Ferrari. Gasar 2025 kuwa ta ba kowane ɓangare hujjar da zai riƙe.

Hujjar masu cewa mota ce

Masu cewa mota ce ba sa shan wahalar kawo dalili. McLaren ta kammala lashe kambun kamfanoni tun ranar 5 ga Oktoba a Singafo, alhali saura tsere shida. Direbobinta biyu, Norris da Piastri, sun ci 14 daga cikin 23. Norris ya shiga gasar tun 2019, amma bai taɓa cin tsere ko ɗaya ba sai a watan Mayun 2024 a Miami, daidai lokacin da motar ta gyaru. Shin a shekaru biyar na farko bai iya tuƙi ba ne? Ya iya, in ji su, abin hawa ne bai samu ba.

Suna kuma juya wannan hujja a kan Verstappen. A 2023 ya ci tsere 19 daga cikin 22, abin da ba a taɓa gani ba. Amma a waccan shekarar Red Bull, kamfanin da yake tuƙa wa mota, ita ce ta ci duka in ban da guda ɗaya. Da motar ta ja baya a farkon 2025, sai ga shi a watan Agusta, bayan tseren ƙasarsa a Zandvoort, Piastri ya ba shi ratar maki 104. Bai farfaɗo ba sai da injiniyoyi suka kawo wa motar sabon gyara a Monza ta Italiya a watan Satumba. Tun daga nan ya ci Italiya da Azarbaijan da Austin da Las Vegas da Katar. Mutumin dai shi ne, abin da ke ƙarƙashinsa ne ya sauya.

Hujjar masu cewa hannu ne

Magoya bayan Verstappen ba sa bari a kai nan. Abin da suke fara tambaya shi ne: ina abokin aikinsa? Kowane kamfani motoci biyu yake sakawa. Red Bull ta fara shekara da Liam Lawson a mota ta biyu, bayan tsere biyu kacal ta sauke shi ta ɗora Yuki Tsunoda ɗan Japan. Har zuwa makon tseren ƙarshe Tsunoda bai haɗa maki 40 ba, Verstappen yana da 396. In mota ce kaɗai, me ya hana ta yi wa su biyun aiki?

Daga nan sai su tuna maka Brazil a 2024, ranar da aka yi tsere cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, Verstappen ya tashi daga matsayi na 17 ya zo na ɗaya. Su tuna maka cewa yana ɗan shekara 17 ya shiga gasar a 2015, yana ɗan 18 ya ci tserensa na farko a Sifaniya, kuma shi ya ɗauki kambu daga 2021 zuwa 2024. Ya gaji tuƙi ta wajen uwa da uba: mahaifinsa Jos ya yi tseren Formula 1, mahaifiyarsa Sophie Kumpen gwana ce a tseren ƙananan motoci. Masu sukarsa suna cewa yana da zafin kai, yana matse abokin hamayya har ya fitar da shi daga titi, kuma alƙalai sun sha hukunta shi a kan haka. Masoyansa suna amsawa da cewa fagen fama ba wurin kunya ba ne.

Tsakanin direbobin McLaren biyu ma akwai nasu musun. Piastri, mai shekara 24 a lokacin, mutum ne mai sanyin rai, ba a cika jin ya ɗaga murya a rediyo ba. Ya ja ragamar gasar tun daga Afrilu, har ya ba Norris ratar maki 34 a ƙarshen Agusta. Sai abubuwa suka juya. A Monza an yi jinkirin sauya wa Norris taya, Piastri ya wuce shi, kamfanin ya umarce shi ya mayar masa da matsayi na biyu, ya kuwa bi umarni. A Baku ta Azarbaijan ya yi karo da bango tun zagayen farko. Zuwa tseren Meziko a ƙarshen Oktoba, Norris ya karɓe jagoranci da maki ɗaya tak. Magoya bayan Piastri a majalisa suna cewa an nuna 'yan ubanci, wai kamfanin Birtaniya ya fi son ɗan gida. Magoya bayan Norris suna cewa ai shi ma motarsa ta mutu masa a Zandvoort yana na biyu, ba wanda ya biya shi wannan asara, kuma da gumi ya ci Meziko da Brazil a jere.

Mikin 2021

Akwai sunan da ba ya cikin 'yan takarar ranar Lahadi, amma babu zaman da ake tashi ba a ambace shi ba: Lewis Hamilton. Shi ne ƙofar da yawancin 'yan Afirka suka bi suka shiga wannan wasa. Baƙar fata na farko da ya yi tseren Formula 1, ɗan talakawa daga garin Stevenage, wanda mahaifinsa Anthony ya riƙa haɗa ayyuka da dama don ya saya masa ƙaramar motar koyo. Ya ɗauki kambu sau bakwai, daidai da Michael Schumacher, zuwa 2025 ya ci tsere 105, fiye da kowa a tarihi.

Abu Dabi kuwa ita ce inda aka yi wa masoyansa mikin da bai warke ba. A ranar ƙarshe ta 2021, shi da Verstappen sun shiga fili da maki iri ɗaya, 369.5 kowanne. Hamilton yana gaba da rata mai yawa, saura 'yan zagaye, sai Nicholas Latifi ya yi karo da bango. Motar tsaro ta fito, ita ce wadda ke shiga gaba ta rage wa kowa gudu har a share titi. Verstappen ya shiga ya sa sababbin tayoyi masu laushi, Hamilton ya zauna da tsofaffi don kada ya rasa matsayinsa. Daraktan tseren, Michael Masi, ya bar motoci biyar ɗin da ke tsakaninsu kaɗai suka wuce, ya kuma janye motar tsaro ba tare da bin tsarin da aka saba ba, aka saki tsere na zagaye ɗaya. Verstappen ya wuce, ya ɗauki kambu. Daga baya hukumar FIA mai kula da gasar ta cire Masi daga kujerarsa, rahotonta na watan Maris 2022 ya amsa cewa an yi kuskure na ɗan Adam, amma sakamakon ya tsaya. Hamilton ya sauko daga mota ya miƙa wa abokin hamayyarsa hannu. Wannan halin ya ƙara masa daraja a idon mutanen da suka tashi da sanin cewa haƙuri a lokacin da aka cuce ka shi ne cikar namiji.

A 2025 Hamilton, yana da shekara 40, ya koma Ferrari. Ya ci gajeren tseren Asabar a Shanghai a watan Maris, amma cikin manyan tsere 23 bai shiga ukun farko ko sau ɗaya ba. Masu cewa mota ce sun ce kun gani, gwanin gwanaye ma in ba abin hawa sai kallo. Masu cewa hannu ne sun ce abokin aikinsa Charles Leclerc ya shiga ukun farko sau bakwai da irin wannan motar. Hujja guda, kowa ya ja ta gefensa.

Waɗanda ake mantawa a barga

A ganina ɓangarorin biyu duk sun bar wani abu a baya, kuma duk wanda ya san doki ya san shi. Kafin ingarma ya fito fili akwai mai yanko masa ciyawa, mai ba shi dawa da kanwa, mai wanke shi, mai duba kofatonsa. Ba banza ba fadojin ƙasar Hausa suka keɓe sarautar Shamaki don kula da barga. Ranar sukuwa sunan mahayi ake kira, amma rabin nasarar tun a barga aka gama ta.

Haka abin yake a Formula 1. Manyan kamfanonin suna da ma'aikata kusan dubu ko fiye, McLaren a Woking, Red Bull a Milton Keynes, Ferrari a Maranello. Injin motar lita 1.6 ne kacal, bai fi na ƙananan motocin da ke tashar Haɗejiya girma ba, amma tare da taimakon lantarki yana ba da ƙarfin doki wajen 1,000, motar kuma tana wuce kilomita 330 a awa. In direba ya shigo sauya taya, kimanin mutum 20 ke jiransa, kowa da aikinsa guda. A Katar a 2023 ma'aikatan McLaren sun cire tayoyi huɗu sun sa huɗu cikin daƙiƙa 1.80. Yaran gareji da masu faci sun fi kowa maimaita kallon wannan bidiyo, don sun san abin da kwance noti ɗaya ke ci.

Tsere biyun da suka gabata sun nuna wannan ƙarara. A Las Vegas, Norris ya zo na biyu, Piastri na huɗu. Bayan an tashi aka auna allon da ke ƙarƙashin motocinsu, wanda doka ta ce kaurinsa kada ya gaza milimita 9. Duka biyun sun gaza da abin da bai kai rabin milimita ba, aka soke sakamakonsu. Direbobin ba su yi laifin komai ba, lissafin injiniyoyi ne ya kuskure.

A Katar kuma, ranar 30 ga Nuwamba, an kafa doka cewa kada taya ta wuce zagaye 25, tseren kuma zagaye 57 ne, don haka dole kowa ya tsaya sau biyu. A zagaye na bakwai aka yi karo, motar tsaro ta fito. Bakwai da 25 da 25 sun ba da 57 daidai, wato lokacin tsayawa ya zo a araha, tun da kowa yana tafiya a hankali. Kusan kowa ya shiga ya sauya taya. McLaren ta bar motocinta biyu a waje. Piastri, wanda ya fi kowa gudu a wancan mako, ya ƙare na biyu, Norris na huɗu, Verstappen ya ci. Shawarar da aka yanke cikin 'yan daƙiƙu a gaban kwamfuta ita ce ta kawo mu ga wannan Lahadi. Wanda ke son ya fahimci tsere, ya riƙa kallon masu baƙaƙen hannu da masu lissafi, ba mai hular kwano kaɗai ba.

Ina rabon Afirka?

Wani abin da ke ci wa masoyan nan tuwo a ƙwarya shi ne, gasar da ake kira ta duniya tana zuwa kowace nahiya mai mutane in ban da tasu. An yi tsere a Kasabalanka ta Maroko a 1958. An yi shekaru ana yi a Afirka ta Kudu, ƙasar Jody Scheckter wanda ya ɗauki kambu da Ferrari a 1979. Na ƙarshe shi ne na Kyalami a 1993, wanda Alain Prost ya ci. Zuwa 2025, shekara 32 ke nan. Hamilton ya sha faɗa a fili cewa bai dace a ci gaba da ƙara tsere a wasu wurare ana tsallake Afirka ba. A Disambar 2024 Shugaba Paul Kagame ya sanar a Kigali cewa Ruwanda na neman karɓar baƙuncin gasar, Afirka ta Kudu na son a dawo Kyalami, a 2025 kuma Hukumar Wasanni ta Ƙasa a ƙarƙashin Shehu Dikko ta nuna sha'awar a kawo tseren Abuja. A watan Oktoban 2025 Legas ta karɓi tseren jiragen ruwa masu lantarki na E1, karo na farko a nahiyar.

Ƙasar Hausa ma ta taɓa jin ƙarar injin tsere. Gasar Paris zuwa Dakar, wadda aka fara a ƙarshen Disambar 1978, ta bi ta Agadas da Yamai tun fitowarta ta farko, ta kuma yi shekaru tana ratsa hamadar Tenere kafin a soke ta 2008 saboda tsaro, a mayar da ita Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya. A bikin kamun kifi na Argungu ma an sha haɗawa da gasar motoci. Ta fuskar direbobi, masoya na sa ido a kan Ugo Ugochukwu, ɗan Oluchi Onweagba 'yar Najeriya, wanda ya ci babban tseren matasa na Makawo a Nuwambar 2024, ko da yake tutar Amurka yake ɗauka, can aka haife shi.

Gudu da linzami

Akwai wani ɓangare na son gudu da ba a iya kau da kai daga gare shi. A garuruwan Arewa da dama, ranar ɗaurin aure ko bayan hawan Sallah ko ranar murnar cin zaɓe, matasa kan tare titi su yi wasan mota: a ja birkin hannu, mota ta riƙa juyi tana hayaƙi, mutane na zaune a kan tagogi, yara sun yi da'ira taku kaɗan daga taya. Masu babur su ɗaga ƙafar gaba, ba hular kwano. 'Yan sanda sun sha hanawa, an sha zuwa jana'iza, abin bai tsaya ba. Wasu daga cikin masu yin haka suna ganin kamar Verstappen suke kwaikwaya.

Ba shi suke kwaikwaya ba. Formula 1 ta biya jini kafin ta koyi darasi. A mako guda na 1994 a Imola, Roland Ratzenberger ya mutu ranar Asabar, Ayrton Senna mai kambu uku ya mutu ranar Lahadi, 1 ga Mayu. Daga nan aka sake fasalin filaye da motoci. Jules Bianchi ya yi haɗari a Japan a 2014 ya rasu a 2015, a 2018 aka wajabta wani ƙarfe da ke kewaye kan direba. Da yawa sun ƙi shi da farko, suna cewa ya ɓata kyan mota. A Nuwambar 2020 a Baharain, motar Romain Grosjean ta huda shingen ƙarfe, ta rabe biyu, ta kama da wuta. Bayan kusan daƙiƙa 28 ya fito da ƙafarsa, hannayensa kawai suka ƙone. Ƙarfen nan ya kare kansa, rigarsa ba ta cin wuta da wuri, motar likita kuma tana biye da su don doka ce ta bi zagayen farko. A layin da ake sauya taya ma akwai iyakar gudu, galibi kilomita 80 a awa, wanda ya ƙetare ko da kaɗan sai an hukunta shi, ko shi wane ne.

Kuma babu ɗaya daga cikin ukun da ke neman kambu da ya koyi tuƙi a kan titin jama'a. Duk a ƙananan motocin koyo suka fara tun suna yara, a fili mai shinge, da mai koyarwa. Verstappen yana ɗan shekara huɗu ya fara. Piastri ma da motocin wasa masu rimot ya soma kafin ya hau ta gaske. Hanyar Kano zuwa Haɗejiya ta Gujungu hanya ce ta masu kai amfanin gona kasuwa, da amalanke, da garken shanu, da 'yan makaranta. Dokar hanya ta ƙasa ta ce ƙaramar mota kada ta wuce kilomita 50 a awa a cikin gari. Sauri ya haifi nawa, a kan titi kuwa abin da yake haifa ya fi nawa muni.

Hani kaɗai bai wadatar ba, domin sha'awar tana nan, kuma ba abin kunya ba ce. Abin da ya rage shi ne a ba ta wuri. Ƙaramin filin koyo a kan tudu a wajen gari, wanda bai ci gonar kowa ba, da shingen tsofaffin tayoyi, da hular kwano ta dole, da motar asibiti da jami'an kiyaye haɗura a ranar wasa, bai fi ƙarfin gwamnatin Jigawa da attajiran masarauta ba. Ƙananan motocin koyo da injin babur ake iya haɗa su, aikin da ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman da makanikan garin za su iya yi tare, su ƙaru da sana'a. Masarautar da ta san yadda ake tsara hawa mai ɗaruruwan dawaki a cikin cunkoson jama'a ta riga ta san yadda ake haɗa gudu da tsari.

Lissafin ranar Lahadi

A tsarin wancan mako, ranar Juma'a za a yi atisaye. Ranar Asabar da ƙarfe uku na rana agogonmu za a yi gwajin gudu wanda ke raba wa kowa wurin da zai tsaya. Ranar Lahadi tsere ne na zagaye 58 a fili mai tsawon kilomita 5.281, a fara da rana tana shirin faɗuwa a can, a gama a ƙarƙashin fitilu. A nan gida zai fara bayan azahar ya ƙare dab da la'asar.

Na ɗaya yana samun maki 25, na biyu 18, na uku 15, na huɗu 12. Norris in ya shiga ukun farko ya zama zakara ko wa ya ci, kuma zai zama direban McLaren na farko da ya ɗauki kambu tun Hamilton a 2008. Verstappen in ya ci, Norris ya zo na huɗu ko ƙasa, ya ɗauki na biyar a jere, abin da Schumacher kaɗai ya taɓa yi daga 2000 zuwa 2004. Piastri in ya ci yana bukatar Norris ya faɗo na shida ko ƙasa, ƙasarsa kuwa tana jira tun nasarar Alan Jones a 1980. Verstappen ya ci a wannan fili sau huɗu a jere daga 2020 zuwa 2023, Norris ne ya ci a 2024. Tambayar da ta fi raba kan majalisa ita ce: in aka zo zagayen ƙarshe Verstappen na gaba, Piastri na uku, Norris na huɗu, shin Piastri zai kauce wa abokin aikinsa? Wasu sun ce dole ne, amanar mai gida ce. Wasu sun ce an riga an karɓi nasa a Monza, ya isa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Duk wanda ya ɗaga kofin, zai ɗaga shi ne da mota mai kyau, da hannu mai kyau, da ɗaruruwan ma'aikata a bayansa, a fili mai doka da alƙalai da likitoci. Matasanmu su kalla su ji daɗi, su yi musunsu cikin mutunci, in an tashi kuma wanda ya hau babur ya sa hular kwano, wanda ya shiga mota ya ɗaura bel ya bar gudu ga masu fili. Hukumomi da masarauta da masu hali kuma su duba wannan sha'awa da idon basira, su samar wa yaran nan wurin da za su gwada gwanintarsu su koma gida lafiya.